Wa Ya Shuka Gonarmu Ran Lahadi?

Bana ruwan shuka ran Lahadi ya sauka a Dutse, da asuba. Ina ɗakina a Takur, a gidan 'yata Rifkatu inda tsufa ya ajiye ni, na ji shi yana dukan kwano, ƙamshin ƙasa ya biyo ta taga ya same ni har kan gado. Da muka je sujada, tun ba a yi addu'ar rufewa ba na hango surukina ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Na zaci karatun ranar yake bi, tunda yanzu a waya suke karantawa. Ashe 'yan ƙwadago yake turawa gonarsa. Kallo kawai na yi masa, irin wanda jikokina ke cewa yana sa mutum ya tuna laifin da bai ma yi ba tukuna.

Ni mace ce mai zargi, wannan ba sai an gaya mini ba. In aka ce mini gishiri ya ƙare, sai na leƙa gwangwanin. Amma ba da shi aka haife ni ba. Wata damina ce ta koya mini, shekarar da nake goyon Rifkatun nan.

A lokacin muna wata 'yar unguwa a ƙasar Buji, gidaje kaɗan ne, ba mu kai a kira mu gari ba. Mu Kirista ne, muna da ɗakin sujada na laka da dakalai na laka a ciki, da wani ƙarfen tayar mota da aka rataye a darbejiya ana bugawa in lokacin sujada ya yi. Kewaye da mu duk Musulmi ne, kuma yawancinsu 'yan uwanmu ne na jini. Kasuwarmu ɗaya, mashayar dabbobinmu ɗaya. To, da yake ba mu da yawa, kowa idonsa na kan kowa. Baba Mai Bishara, wanda ke riƙe da ikilisiyar, kullum cewa yake mutane ba sa karanta Littafinmu, mu suke karantawa. Mun ɗauki maganar nan da gaske, har mu ma muka koma karanta juna.

Maigidana sunansa na baftisma Bulus, shi ne mai buga ƙarfen nan. Mutum ne marar magana, in ka tambaye shi hanya ma da haɓa zai nuna maka. Shi kaɗai ne Kirista a gidansu. Ci-rani ya tafi Kano yana saurayi ya dawo da sabuwar bangaskiya, mahaifiyarsa kuwa, wadda kowa ke kira Inna, ta rantse ba za ta ƙara taka ƙofarsa ba. Tana tsallaken fadama tare da ƙaninsa Sale. Ba ta zo aurenmu ba, ba ta zo sunan Rifkatu ba. Sau ɗaya na taɓa hango ta a kasuwa, daga nesa, aka nuna mini bayanta. Abin da ya rage tsakaninsa da gidansu shi ne gonar da ya gada ta ubansa, mai wata tsohuwar kuka a gefenta.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, don haka tun bazara ba ta yi nisa ba rumbuna suka fara amsa kuwwa. Zafin shekarar nan har yau in na tuna sai na ji maƙogwarona ya bushe. Da hantsi ba ka iya taka ƙasa ba takalmi. Kaji su buɗe baki su kwanta a gindin randa, ka kore su su ƙi tashi. Guga sai an ƙara masa igiya, abin da zai fito da shi kuma rabinsa laka ne, sai an bar shi ya kwanta. Da safe in dama kunun tsamiya tsararo, wanda kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana ba a ɗora komai. Da yamma in tankaɗe dusa in haɗa da ɗan abin da ya saura na dawa in tuƙa, mu ci da miyar kuka ba mai ba daddawa. Nonona ya ja baya, Rifkatu ta tsotsa ta saki ta yi kuka, ta sake kamawa.

Abu ɗaya ne ba a taɓawa ko yunwa za ta kashe mutum, shi ne iri. Namu yana cikin wani ɗan tulu, na zuba toka a kai na liƙe bakin da laka, na tura shi ƙarƙashin gado. Sau da yawa ina shara in tsaya in kalle shi, shi ma kamar yana kallona.

Hadari ya riƙa haɗowa daga gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe mana shanya, sannan ya watse. Musulmi suka fita roƙon ruwa, muna jin su daga fili. Mu ma Baba Mai Bishara ya sa mana azumi da addu'a. Wata daga cikinmu ta ce, "Baba, ai mun daɗe da fara azumin nan, niyya ce kawai ba mu yi ba." Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Muka yi ta zuwa ɗakin sujada safe da yamma muna durƙuso a kan laka mai zafi, leɓuna a tsage.

Sai ga ruwa ran Lahadi da asuba. Ruwa na gaske, mai sauka a tsaye, har ya cika kwatami ya shigo mana tsakar gida. Na fita na tsaya a cikinsa da goyona, ban san ina kuka ba sai da na ji gishiri a bakina.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Ƙasarmu jigawa ce, yashi ne. Ruwan da ya sauka da safe, kafin gobe rana ta lashe rabin danshinsa. Ranar da aka yi ruwan shuka, ranar ake shuka. Mu kuwa ba ma taɓa aikin gona ran Lahadi. Shi ya sa da maigidana ya buga ƙarfe muka taru, murna da fargaba suka zauna a dakali ɗaya. Samari suna ta ƙus-ƙus a baya. Baba Mai Bishara ya miƙe ya ce, "Mun roƙa, an ba mu. Wanda ya ba mu kuwa ya san ranar da ya bayar. Yau za a ga ko ruwan muke bi ko Mai ruwan."

Sai Baba Ishaya, babban dattijon ikilisiya, wanda gonarsa ke iyaka da tamu, ya kawo shawara. Ya ce zuciya ba ta da tabbas, kowane magidanci ya je ya ɗauko sunguminsa, wato doguwar fartanyar da ake saran ramin shuka da ita, a jingine su cikin ɗakin sujada sai gobe da asuba. Haka aka yi. Na ga maigidana da idona ya jingina nasa a kusurwa, aka ja ƙofa aka ɗaure.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Muna zaune a tsakar gida muna jin maƙwabta can a gonakinsu, maza suna sara, mata suna kiran yara su kawo iri. Rana ta fito fes tana shan ruwanmu muna kallo. Maigidana ya zauna, ya tashi, ya gyara igiyar akuya da ba ta kwance ba. Bayan azahar ya ce mini, "Zan ɗan miƙe ƙafa." Bai dawo ba sai da rana ta yi ja. Idonsa ya kaɗa, takalminsa na taya duk jiƙaƙƙen yashi. Na ajiye masa tuwo bai ko buɗe ba. Na lura da duk wannan, na ajiye a raina.

Litinin tun duhu bai gama washewa ba aka kwance ƙofa kowa ya ɗauki sunguminsa. Na fasa lakar bakin tulu, irin yana nan yadda na bar shi, tokar ma ba a taɓa ba. Muka kama hanya, shi a gaba ni a baya da ƙwarya a ka. Muna isa gindin kuka na tsaya cak. An shuke gonar tas, layi bayan layi, daga wannan iyaka zuwa waccan, in ban da wata 'yar kusurwa da aka bari.

Baba Ishaya ya riga mu isowa. Yana tsaye a kan iyaka ya dogara da sunguminsa.

"Bulus, mene ne wannan?"

"Shuka ce, Baba."

"Na ga shuka ce, ai ban makance ba. Wa ya yi ta?"

"Ba ni ba ne."

"Kai ka sa a yi?"

"Ban sa kowa ba."

"To ka san wanda ya yi?"

Maigidana ya dubi ƙasa. Shirun nan da ya yi shi ya jawo mana duk abin da ya biyo baya.

Su suna wannan, ni kuma idona na kan layukan. A shuka namiji ke gaba yana sara, mace na biye tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Sawun mai saran babba ne, ya tattake, ba ka gane komai. Amma sawun mai rufewar ya fito a kan danyen yashi kamar an zana. Ƙaramar ƙafa ce, ta mace. Ta hagun ta ɗan karkace waje, babban yatsan ya rabu da sauran. Kuma kowane rami sau biyu ta danna shi da diddige.

Da yamma dattawa suka zauna a gindin darbejiya. Mu mata muna daga bayan danga, wai muna tsince ƙasa a cikin dusa. Baba Ishaya ya ce hanya biyu ce. Ko Bulus ya faɗi gaskiya ya tuba a gaban jama'a, ko kuwa, in da gaske ba hannunsa, ya baje shukar nan ya sake da irinsa, kowa ya ga bai amfana da aikin Lahadi ba.

"Ban shuka ba, Baba," in ji maigidana, "ba kuwa zan tone ba."

"Don me?"

"Ba zan iya ba."

Baba Mai Bishara ya lallashe shi, ya ce ko a kunne ya faɗa masa. Ya ƙi. Aka sa shi a ƙarƙashin horo. Aka karɓe bugun ƙarfe aka ba wani. Ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasar da ake raba wa masu bi a sujada, kuma wurin zamansa dakalin ƙarshe, bakin ƙofa, inda masu laifi ke zama kowa ya wuce su yana shiga yana fita. Wanda ke ƙarƙashin horo kuma ba a yi masa gayya. Ga wanda ya bar gidansu saboda wannan ɗakin, in aka tura shi bakin ƙofarsa, ina kuma ya saura masa?

Ni kuwa na zama mai kallon ƙafafu. A rijiya, in mace ta sa ƙafa a bakin dutse tana jan guga, ina nan ina dubawa. A taron zumuntar mata kowa ya rufe ido ana addu'a, ni nawa a buɗe suna bin tabarma. Na auna ƙafar matar Baba Mai Bishara, Allah ya gafarta mini dariyar da nake yi yanzu. Akwai wata bazawara mai sayar da daddawa da ke yawan gaishe da maigidana da fara'a, na bi ta a baya har bakin kasuwa ina duba sawunta, na tarar ƙafarta ta fi tawa girma. Ban ce na yi laifi ba. Kowace mace ta ga sawun nan a gonar mijinta, ta kuma ga takalminsa da jiƙaƙƙen yashi, abin da na yi za ta yi.

Wata rana da hantsi muna hutawa a gindin kuka na kasa haƙuri.

"Maigida, wace ce?"

"Wa?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Mai ƙaramar ƙafa. Wadda ta fi ni sanin hanyar gonarka."

"Saratu, ki bar maganar nan."

"Ina ka je ran Lahadin?"

"Nan na zo."

"Ka zo nan, ka ce ba ka shuka ba?"

"Ban taɓa ko ƙwaya ɗaya ba."

Da Musulmi ne da na ce ya rantse. Mu kuwa an hana mu rantsuwa, an ce maganar mutum ta isa. Ranar na ji haushin wannan koyarwar ƙwarai. Na ɗauki fartanyata na koma can ƙarshen gona, daga ranar kuma sai gaisuwa da miƙa tuwo.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne shukar Litinin ba ta yi kyau ba. Rabi ta fito, rabi ta ruɓe a rami. Sannan ruwa ya ɗauke. Tsiron mutane ya yi ta murɗewa yana ƙonewa, namu da ya riga ya kama danshi ya tsaya. Kana tahowa daga nesa ka ga gonaki jajaye, ka ga tamu kore shar a tsakiya kamar tana yi wa sauran gwalo. Yara suka sa mata suna gonar Lahadi. Mata in na iso rijiya sai hira ta koma ta tsadar gishiri. Samari kuma suka fara cewa a fili, baɗi in ruwa ya zo ran Lahadi, su ma ƙafa za su miƙe irin ta Bulus.

Nan ne na fahimci Baba Ishaya, ko da yake ban so shi ba a lokacin. Ba mugu ba ne. Gonarsa ta ƙone, ya sake shuka da irin aro, gidansa dusa ake ci kamar namu, bai taɓa cewa ya yi nadamar jingine sunguminsa ba. Tsoronsa kada yaran da suka tashi a hannunsa su koyi cewa biyayya asara ce, wayo kuma riba. Kullum in ya wuce iyakarmu sai ya kau da kai.

Mu biyu muka yi noman firi, muka yi maimai, ba gayya ba mai taya mu. In kwantar da Rifkatu a inuwar kuka in rufe ta da gyale saboda ƙuda. Da ruwa ya dawo, tafasa da rama suka fito, su suka riƙe mu. In tsinko in dafa in matse, in barbaɗa ɗan ƙuli in akwai, in babu gishiri kawai. Saboda yunwa, in ka sunkuya ka ɗago sai ka ga duhu. Duk ran Lahadi kuma maigidana ya yi wanka ya sa farar rigarsa, ya riga kowa zuwa, ya zauna a dakalin bakin ƙofa. Ran Jibi a wuce shi da faranti, ya sunkuyar da kai. Bai taɓa fashi ba. Wannan ma na zarge shi a kai. Na ce a raina, marar laifi zai zauna lafiya haka a wurin masu laifi?

Gero ya yi ciki, ya fitar da kai. Da kan ya gama fitowa sai na ga abin da ban saba gani ba. Kowace zangarniya da gashi, tsikar-tsikar, in ka shafa ya soke ka. Irinmu ba haka yake ba. Ina tsaye ina juya wata a hannu sai ga Mama Talatu, tsohuwar da ke shugabantar zumuntar mata, ta fito daga itace. Ta ajiye kayanta ta matso ta ƙura ido.

"Ikon Allah! Gargasa!"

"Mece ce gargasa, Mama?"

"Gero mai gashi mana, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kai. Rabona da shi tun uban mijinki na da rai, a gonar nan kuwa. Duk ƙasar nan mace ɗaya na sani da ke ajiye irinsa, ko 'yarta ba ta ba wa."

Ta dube ni, na dube ta. Ta ɗauki itacenta ta wuce tana girgiza kai.

Da geron ya yi ƙwari na karyo 'yan zangarnu na gasa tumu, na ƙulle a gyale. Ban gaya wa maigidana ba. Na goya Rifkatu na ratsa fadama, ruwa har gwiwa, sauro na bin mu. Na yi sallama a gidan da ban taɓa shiga ba. Wata 'yar tsohuwa na zaune a tabarma a ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafafu tana tsinkar zogale. Kafin in dubi fuskarta na dubi ƙafarta. Ƙarama ce, ta hagun ta karkace waje, babban yatsan ya rabu da sauran.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a daƙile. Na kwance gyale na tura mata tumun.

"Inna, daga gonarku ne."

Ta murza ɗaya a tafin hannu, ta hure, ta watsa a baki ta daɗe tana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage mata.

"An bar shi ya yi yawa a rami. Ba ku iya cira ba ne?"

"Inna, an sa shi a horo saboda shukar nan. Wata da watanni yana zaune a bakin ƙofa. Ya ƙi faɗin sunanki."

"Wa ya ce ya faɗa? Ni ba don wani na yi ba. Gonar mijina na ga tana shan ruwa a banza, na ce Sale ya ɗauko sungumi. Ku da Lahadinku! Yashi ya san wata Lahadi?"

"An ce kin rantse..."

"Ƙofarsa na ce ba zan taka ba. Gona ƙofa ce?"

Ta ci gaba da tsinkar zogalenta, can sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ai na gan shi."

"Kin gan shi?"

"A bayan kuka. Wai shi ya ɓuya. Ni da na haife shi, kuka ce za ta ɓoye mini Tanko?" Shi ne karon farko da na ji sunan da ta raɗa masa. "Tun azahar yana tsaye har muka kai ƙarshen layi. Ina sunkuye bayana kamar zai karye, shi yana kallo. Sau nawa ya ɗaga ƙafa zai taho ya mayar. Sale ya ce, Inna, ga Yaya can, in kira shi? Na ce kul, ƙyale shi mu gani."

"Kin ji haushinsa, Inna?"

Ta ajiye zogalen. "Haushi? Yarinya, ranar na fara samun barci. Shekara da shekaru ina cewa wasa ya bar ni dominsa, abokai ne suka ruɗe shi. Da ya zo ya karɓi sungumin nan, da na tabbata wasan ne. Na ga yaro yana kuka kamar ransa zai fita, yunwa a gidansa, uwarsa a gonarsa, bai taɓa ba. Na ce to, ko ba hanyata ba ce, tsoron Allah dai yake yi." Ta miƙo hannu. "Sauko mini da 'yar nan in gani. Wa ya ce ki ratso fadama da ita cikin sauro?"

Da na koma na tarar da shi yana wasa magirbi a tsakar gida. Na zauna a gabansa, abin da na daɗe ban yi ba, na ce daga wurin Inna nake. Dutsen wasin ya faɗi daga hannunsa. Ya ce shi ya sa ya yi shiru, don in ya faɗa, a can za a ce ta karya rantsuwa, a nan kuma a ce shi ya aika mata, a sa shi ya tone abin da ta shuka da bayanta. Ya ce dakalin bakin ƙofa bai dame shi ba, gani yake ya cancance shi, ba don shuka ba, don ya tsaya yana kallon tsohuwa tana yi masa aiki bai karɓe ta ba.

"Ta gan ka," na ce.

"Ta gan ni?"

Na faɗa masa maganarta yadda ta faɗa, ban rage ban ƙara ba. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Na tashi na ba shi wuri, ni ma ban ga hanyar madafa sosai ba.

Mama Talatu ta riga ta kai wa dattawa labarin gargasa, Sale kuma da aka tambaye shi a kasuwa bai musa ba. Aka ɗage horon, aka mayar masa da ƙarfensa. Baba Ishaya ya ba shi hannu a gaban jama'a, amma har ya koma ga Ubangiji yana cewa shi dai bai ga yadda za a yi tsohuwa ta ratso fadama ba wanda ya aika mata ba. Ni ma, tunda hali ba ya barin mutum, akwai abin da na riƙe. Kusurwar da maigidana ya ce mini zai bar wa gyaɗa a shekarar, ita kaɗai Inna ta tsallake ba ta shuka ba. To wa ya gaya mata? Na tambaye shi, ya ce nan ubansa ke sa gyaɗa tun yana yaro. Na karɓa. Amma na leƙa gwangwanin tukuna, na tambayi Sale.

Geron mutane da ya yi latti tsuntsaye suka sauka a kansa, namu suka bar mana. Ba mu ci mu kaɗai ba, har gidan Baba Ishaya ƙwaryarmu ta shiga, ta ƙofar baya, ta hannun matarsa. A al'adarmu damin farko na ɗakin sujada ne. Da muka ɗaure namu, maigidana ya tsaya a kansa ya rasa inda zai nufa, ya je ya tambayi Baba Mai Bishara. Tsohon ya yi ɗan tunani ya ce, "Bulus, a cikin Dokoki Goman nan, wacce ke bin ta ranar hutu? Ba ta iyaye ba ce? Ka kiyaye ta farkon, mun gani. Ɗauki damin ka tafi."

Ya ɗora a ka, na bi shi a baya da goyo. Muka ratsa fadama, ruwan ya ja baya sai taɓo. A ƙofar gidan ya sauke damin ya tsaya, don rabonsa da shiga tun yana saurayi. Sale ya fito ya gan shi ya koma da sauri. Muka tsaya, rana na dukanmu, kaji suka fara taruwa suna tsattsagar zangarnun da suka leƙo. Maigidana ya juya zai tafi.

Sai muka ji muryarta daga ciki, da ƙarfi, yadda duk unguwar za ta ji.

"Sale! Ce wa Tanko ya shigo da shi mana. Ko kaji ya kawo wa?"